Ƙullin da aka ɗauka a kwanon aljihu

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure.

Ni mai wanki da guga ne, na ɗan haura arba'in. A shagonmu, duk abin da muka tsinta a aljihun kayan mutane, makulli ne, biro ne, ɗan kunne ne, muna jefa shi cikin wani tsohon kwano a kan kanta har mai shi ya zo. Kwanon aljihu muke ce masa.

Wata safiya ina bayan shago ina shanya fararen zannuwan gado, sai ga jami'an yaƙi da miyagun ƙwayoyi sun shigo. Ƙanina ne a ciki yana guga. Ta tsakanin shanya nake hangensu, iska ta ɗaga zani in gan su, ta sauke su ɓace, ga tururi ya cika ɗakin. Ban ga sun nuna wata takarda ba. Ɗaya ya zazzage kwanon, ya ɗaga wani ƙulli, ya sa a aljihunsa, suka tafi da ƙanina. Ni ina tsaye da jiƙaƙƙen zani a hannu, ko motsi ban yi ba.

Yanzu ana tuhumarsa da mallakar ƙwayoyi, lauyansa kuma yana so in ba da shaida. Kullum nakan rubuta abin da ya same ni a wani littafi, amma shafin ranar nan fari fat na bar shi. Wani lokaci sai in ga kamar ni na ciro ƙullin daga wandon wani, wani lokaci kuma kamar mafarki na yi. Matar ƙanin nawa ta ce in rantse jami'an ne suka sa masa ƙullin. Inna kuwa kallona kawai take yi. Rigar da ya fara gogewa tana nan, hannu ɗaya a miƙe, ɗaya a yamutse. Anti, in ban tabbata ba, ina da amfani a kotu kuwa?

Daga Mai Shanya

Mai Shanya, sannu da wannan nauyi.

Matar ƙaninka tsoro ne ya sa ta faɗi haka, kada ka ga laifinta. Amma kada ka rantse a kan abin da ba ka gani ba. In aka kama ka da ƙarya ɗaya, gaskiyarka ma ta zube. Jami'an kuma wataƙila aikinsu suka yi, kotu ce za ta auna.

Abin da ka gani ba kaɗan ba ne. Faɗa wa lauya ba ka ga takardar izinin bincike ba, kuma aljihun jami'i ƙullin ya shiga, ba a liƙe shi a gaban ƙaninka ba. Shi zai tambaya: hannun wa da wa ya bi, an gwada shi, shi ne dai wanda aka kawo kotu? Dokoki sun bambanta daga wuri zuwa wuri, amma galibi masu ƙara ne za su nuna ƙaninka ya san da abin. Ka nemo masu kawo wanki da suka taɓa karɓar makullinsu daga kwanon nan, su shaida kayan kowa ne ke shiga cikinsa.

Inda ba ka tuna ba, ka ce ba ka tuna ba. Wannan ma shaida ce.

Zauna yau ka cika farin shafin nan da abin da idonka ya gani kawai, ka kai wa lauya. Allah ya dawo da ƙaninka ya ƙarasa gugar rigarsa.