Firiza mai koren ganye ta ƙone hannun Rasaki

Zuwa ga Manajan kamfanin lemo na Sakkwato, wanda munka daɗe muna sarin kayanai.

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, ina hwatan kana lahiya kai da iyali da ma'aikata, har da direbobin da ka kawo muna kaya in hanya ta yi kyau. Ina gajiya, ina zahi? Mu nan Gobir zahi sai godiya, ruwa kuwa muna ta roƙo.

Sunana Garba Mai-Lemo, shagona na nan bakin tashar Sabon Birni. Tare kowane ɗan kabu-kabu ka ce mai shi kai ka wurin Sarkin Sanyi na Gobir, za shi aje ka ƙohwata ba tambaya. Sarautar ni nin naɗa ma kaina, kuma har yau ba wanda yat tuɓe ni. Da hannuna nika rubutun ga, bokona bai yi nisa ba, in ka ga harahi ya karkace ka miƙe shi da kanka. Na hito da maganar hili don na kira lambar ohis ɗinku har na gaji, ba wanda yaz zaka.

Na ɗaya. Shekarar da ruwa sunka ɗauke gero na da ciki, ya bushe tsaye awa tsintsiya, ita ta shekarar da yaronku mai laƙataye yaz zaka da sabbin firizoji cikin mota. Ya tara mu masu shago, yac ce gas ɗin da ke cikin tsohwahhin firizojinmu in ya zurare sama shika tahiya, shina ƙara ma duniya zahi, har damina ta rikice. Yac ce sabuwar, mai hoton koren ganye ga goshi, gas ɗinta bai ɓata sama. Ranka shi daɗe, mutanen da sunka hita roƙon ruwa sunka komo da ƙura ga goshi, ka ce masu ga abin da ka gyara damina, wa za shi ƙi saurare? Ni nih hwara miƙa tsohuwata, mai gurnani awa raƙumi, wadda tac ci da ni shekara da shekaru.

Ban tsaya nan ba. Na zame maku sanƙira ba ko sisi. Isa, Kamarawa, har Burkusuma inda 'yan Nijar ka shigowa, ba teburin mai shayin da ban zamna ba ina hwaɗin Garba ya kawo firiza mai kiran ruwa. Ana dariya, amma ana musanyawa. Da yawa don bakina sunka ba da nasu.

Kuma tsakani da Allah firizar ta yi. Kwalba in ta hito cikinta sai haƙori ya nemi gahwara. Mai kaɗan taka sha ga janareta, ƙaramin sola ma na tada ta. Da gona taƙ ƙi, ita ta ciyad da gidana: lemonku, ruwan leda, da soborodon uwargida da nika ɓoyewa ƙasa. Wannan na ƙarshe ka yi awa ba ka ji ba.

Na biyu. Abin da yaronku bai hwaɗa ba shi na, gas ɗin nan ƙanen gas ɗin girki na. Shina kama wuta, kuma ba shi da wari balle hanci shi ba ka labari. Bai kuma hwaɗa muna wa za shi gyara ta ran da tat tsaya ba, mu ma murna ta hana mu tambaya.

Daga Sabon Birni har Isa har bakin iyaka, mai gyaran firiza guda muka da shi, Rasaki, Bayarabe mutumin Ilori. Tun shina yaro yaz zaka garin ga, yanzu ga hurhura. In kai ba mutumin nan ba na, ka sani Bagobiri da Bayarabe taubasai na, wasa tsakaninmu gado na, ba a hushi. Kullum da sahe in za shi wuce sai ya tsaya ya leƙo shago ya ce, "Kai Bagobiri, wa yaj ja maka garma ga huska ba a shuka komi ba?" Ni ko in ce, "Bawana, an sha manja an ƙoshi? Zo ka share ma ubangidanka shago." Shi ce da doya guda kakanai yas sayi kakana, kuma an cuce shi ga cinikin. In ce ai kakan nashi mu munka koya mai sa wando. Mutanen tasha har aje hwasinja sukai su saurara. Ban taɓa barin shi ya ci ni ba, ko da shike shi ma in ka tambaye shi haka za shi ce.

Na ukku. Ana gobe-gobe azumi firizata tad daina sanyi. Kai ma ka sani, azumin bazara shi na kakar mai lemo. Nik kira ohis, anka ce injiniyanku bai bin hanyar nan, in kawo ta Sakkwato. Ƙaƙa? In goya ta ga kabu-kabu awa jinjiri? Nis sake kira, anka ce a yi haƙuri. Nis sake, ba a ɗauka ba. Lemo ya koma awa ruwan wanka, masu buɗa-baki na taɓa kwalba suna wucewa. Sai nik kira Rasaki, don shi kowa ka kira.

Kada wani shi gaya maka ganganci yay yi. Ya juya ta, ya ga ɗan hoton wuta can baya ƙasa inda sai ɓera ka gani, yac ce ya ji labarin irin ta. Ya gano inda bututu yat tsage, ya buɗe ya saki gas ɗin, munka wangale ƙohwa, ya tahi ya yi la'asar ya komo. Ya sunsuna, bai ji komi ba. Ya kunna wutar walda yadda yas saba yi ma tsohwahhin firizoji tun ban yi gemu ba. Ni ina tsaye bakin ƙohwa ina ce mai hannunai na rawa don azumi ya raba shi da teba.

Bup, shi ke nan abin da nij ji. Wutar ba ta ko daɗe ba, labulena kaɗai tac ci cikin shago. Amma hannuwan Rasaki na daidai bakin bututu. Munka kwashe shi sai asibiti. Gira ta tsiro, hagu ya warke, amma yatsun dama sun ƙandare sun lanƙwashe ciki, sifana ba ta zama cikinsu. Likita yac ce sai an yi mai aiki Sakkwato, ko za su miƙe.

Daga baya wani direbanku ka gaya mani wai akwai injin da ka zuƙe sauran gas ɗin, da wata iska da aka wanke bututu da ita kahin a kusanto da wuta. Ashe kun sani. Ashe abin da za a koya ma mutum na, a ba shi kayan aiki. Kun kawo muna doki ba linzami, kunka koma gida.

Na huɗu. Bayan wutar ne fa wayarku tat tashi daga barci. Yaron nan mai laƙataye ya kira ni da kainai, ko sannu babu, yac ce tunda bare ya taɓa firiza na karya doka, za a turo mota a ɗauke ta. Ranka shi daɗe, hanyar da ba ta biyuwa don gyara, ashe tana biyuwa don ɗauka?

Na biyar, kuma shi yas sa ni rubutu, ba firiza ba. Da anka sallamo Rasaki nit tahi gidanai da goro, na shirya mai baƙar magana tun daga gida wadda nis san sai ya tashi zamne. Nish shiga nic ce, "Bawana, an gasa ka ba a barbaɗa yaji ba?" Ya dube ni, hannu bisa matashi, yac ce, "Sannu da zuwa, Alhaji Garba. Na gode da ɗawainiya."

Alhaji! Ni da ko hilin jirgi ban taɓa gani ba. Nis sake jehwa mai wata, yac ce Allah shi saka da alheri. Na aje mai goron na miƙe, ni Garba da ba a taɓa rufe ma baki ba. In taubashinka ya hwara girmama ka, to zuciyatai ta riga ta bar garin. Matatai ta biyo ni zaure tac ce ɗiyansu da ke Ilori za su turo mota bayan babbar Sallah su kwashe su, tunda ba sana'a.

In yat tahi, duk firizojin da nis sa mutane sunka amsa, wa za shi taɓa su? Ta wani abokina a Kamarawa ta riga ta tsaya, yanzu gari da shinkahwa shika ajewa ciki don ɓeraye. In na biyo ta gaban shagonai sai ya ɗaga kai sama ya ce, "Sarkin Sanyi, ina ruwan?"

Ga roƙona. Ban ce ku komo muna da tsohon gas ba. In sabon ga na rage ma ƙasa zahi ko da na ɗigon ruwa guda, mu da gero yam mutu ga idonmu mun hi kowa so. Amma ku turo mota ta kai Rasaki Sakkwato a yi mai aikin hannu, don garin gyaran kayanku yaƙ ƙone. In ya miƙe ku koya mai aikin gas ɗin ga, shi da duk mai so, ku ba su injin da ya kamata, ku aje tukunyar gas ɗin a garin Isa ko nan Sabon Birni inda hannu ka kai. Gargaɗin wutar kuma ku rubuta shi da Hausa da ajami, gaba inda koren ganye yake, da girma. Firizata ko in doka ta ce a ɗauka, a ɗauka. Randa da jiƙaƙƙen buhu ba su mutu ba, sai in koma masu.

Abu guda za ni ƙara. Rasaki ya hwara saida kayan aikinai. Na tura wani ya saye mani su duka ba da sunana ba, tukunyar walda, agogon awon gas, sifanu, har tsohuwar jakar. Suna ƙarƙashin gadona, ban san aikin ko guda ba, uwargida na ta tuntuɓe da su tana mita. In motar Ilori ta riga taku isowa, za ni sa mai su ciki in juya baya. In taku ta riga, za ni ɗora su bisa kai, in ratsa tsakiyar kasuwa da rana tsaka har ƙohwatai, shi tara gari shi ce Bagobiri ya zama ɗan dakonai. Wallahi ba ni ramawa.

Allah shi ƙara maka girma da lahiya, shi tsare direbobinka bisa hanya, shi sa ka karanta wagga da kanka kahin Sallah. Mu kuma Allah shi ba mu damina mai albarka.

Wassalam, daga mai jiran motarka,
Garba Mai-Lemo, bakin tasha, Sabon Birni.