Amyoyin da Ke Dajin Tabanni

Da sunan Allah Mai rahama. Ni Audi Mailafiya, malamin Turanci a firamare, ina rubuta wannan da hankalina cikakke, jiki ne kawai ya ƙi. Hamza, Raudatu, Tasi'u, ku karanta a gaban mahaifiyarku.

Na ɗaya. Gida da gonar bakin rafi a raba yadda shari'a ta ce. Ba a bina bashi, sai galmar Malam Bature da ke zaure. A mayar masa.

Na biyu. Ƙamus ya zauna a hannun Raudatu. Ita ta zo mini da labarin kalmar nan sincerely da ake rufe wasiƙa da ita, bayanau mai nufin da zuciya ɗaya. An gaya mata a makaranta wai asalinta sine cera ne a Latin, wato zumar da ba kaki a ciki. Na ji daɗin labarin, don ni ɗan mai zuma ne. Amma da na bi sawu, sai ƙamus ya tsaya a kan sincerus, abu tsarkakakke mara gauraye. Zancen kaki babu wanda ya kawo masa hujja. Mai yiwuwa ni ne ban iya nema ba, karatuna sakandare ne. Duk da haka ban koyar da shi ba.

Na uku, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. Hamza, na san kana shirin shiga dajin Tabanni ka ɗebo zumar amyoyin da kakanka ya rataya. An ce maka daji ya lafa, 'yan bindiga sun tashi. Na tambayi masu faɗin haka, kowa ya ce ji ya yi, ban sami wanda ya je ya dawo ba. Labari mai daɗi ne, shi ya sa nake tsoronsa. Ban yarda ka shiga ba sai mutanen ƙauyen bakin dajin da suka gudu sun koma sun yi noma sun girbe. In amyoyin sun ruɓe, su ruɓe. Na cire su daga gado.

Na huɗu. Baffanku Auta ya yi fushi da na hana shi shiga dajin shi ma. Ku je ku gaishe shi, kada ku jira ya zo.

Allah ya yi muku albarka, ya tsare ku. Ku ci a kwano ɗaya, ku riƙe mahaifiyarku. Na yafe muku, ku yafe mini.