Iskar Mota da Haƙƙin Maƙwabci

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban Manzanni da alayensa da sahabbansa.

Daga yayanka Malam Gazali, a gida, ƙasar Attantane, zuwa ga ƙanena abin ƙaunata Alhaji Abdurrahamane, a birnin Lome. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, Ya albarkaci nemanka, Ya tsare ka daga sharrin baƙunta. Mu nan muna cikin godiya. Uwargidana Asma'u ta warke daga ciwon ƙafar da ya kwantar da ita, har tana fita gaisuwa. Rumbuna kam ka san halinsu, damanar bara ba ta bar mana abin da ya kai mu bazara ba. Tun da sojoji suka karɓi mulki an daina ɓoye sunan yunwa, ana faɗarta a rediyo, amma faɗar ba ta cika tukunya. Allah Ya kawo ruwa mai albarka.

Na zaɓi takarda ne saboda salula ba ta yi mini adalci a gabanka. Rezo, wato layin waya, yana yankewa, kai kuma, Allah Ya shirye ka, tun kana yaro ba ka barin mutum ya kai ƙarshen zancensa. Ka ba ni zaɓi biyu game da kat-kat, motar shiga daji da ka saya wa gida: ko ka aiko da sabon injin iska a maye gurbin wanda ya ƙone, ko ka karɓe ta ka aiko da tsohuwar farar motar da ke tsaye a garejinka, wadda ta fito daga kamfani da makullin ƙafafunta. Ka ce na farko ya fi hankali, ka kashe waya kafin in buɗe baki. To yanzu ka zauna ka karanta.

Kada ka ɗauka ban fahimci mas'alar ba. Na zaunar da Rabi'u, ɗan marigayi ɗan'uwanmu, tunda shi ke tuƙa motar, na yi ta tambayarsa kamar ɗalibi a gaban malami har ya gaji da ni. Ya nuna mini tukunyar ƙarfen nan da ke tsakanin ƙafafun baya, wadda suke kira pon. Aikinta ta raba ƙarfi ga ƙafafu biyu, ta bar ɗaya ta fi ɗaya sauri a wurin kwana. A kan gudoro, wato titin kwalta, wannan hikima ce. A cikin rairayi kuwa musiba ce, domin ƙarfin duka yakan gudu zuwa ƙafar da ba ta taka komai ba, tana ta juyawa a banza, ɗayar tana tsaye kamar ba da ita ake ba. Makulli shi ke ɗaure su, ya tilasta musu aiki tare. Na kuma yarda da duk abin da ka faɗa na yabon makullin da ka sa aka ɗaura mana daga baya. Yana kama gaba da baya, direba yana kulle shi lokacin da ya ga dama. Na farar motarka baya kaɗai yake kamawa, ba ya yarda sai an sa bitesin ƙarfi, wato babbar giya, ana tafiya a hankali, wani lokaci ma sai ya yi ta jinkiri kafin ya kama. Ban musa maka ko ɗaya ba. Amma wanda ka sa aka ɗaura mana ba ya kulluwa sai da iska, iskar kuma daga ɗan injin nan take fitowa, kuma kai da hannunka ka haɗa mana da dogon tiyo, kana alfahari cewa har taya ana hurawa da shi. A nan ne ka manta garin da aka haife ka.

Ranar farko da Rabi'u ya hura tayar motar a ƙofar gida, rabin unguwa na tsaye suna kallo. Washegari bayan sallar asuba na fito na tarar da Na Allah, maƙwabcinmu na gabas, ya jingina amalankensa da katangata, ƙafa ɗaya a kwance. Rabi'u ya ce masa injin ƙarami ne, ba a yi shi don dogon aiki ba, yana zafi. Na Allah bai ko dube shi ba, ni ya fuskanta, ya ce: "Malam, iska ce fa nake roƙo. Ko ita ma Alhaji daga Lome ya aiko da ita?" Sannan ya tuna mini, a gaban mutane, cewa a tafsirin azumin bara ni da bakina na yi musu bayani a kan azabar masu hana maƙwabta aron ƙananan kayan amfani, har na lissafa tukunya da gatari da guga. Ya tambaya ko iska ta fi gatari tsada. Ka gaya mini, Abdurrahamane, me mai rawani zai ce? Na ce a hura masa, kuma ko yau aka sake, haka zan ce.

Daga nan ƙofar gidana ta zama kasuwa. A shekarar da jakuna ke jan ruwa daga rijiyoyi masu nisa, kowane amalanke yana taka ƙaya, kowa kuma ya san inda ake samun iska ba wahala. Masu moto, wato babur, suka biyo baya. Mutanen ƙauyukan da ban taɓa ganin fuskarsu a masallaci ba suka riƙa zuwa gaishe ni da taya a kafaɗa. Wata tsohuwa ta zo da tayar da ta fi ni tsufa, ana hurawa tana sacewa, tana yi mana addu'a, ba wanda ya iya ce mata ya isa. Rabi'u yana taɓa injin yana janye hannu, yana dubana, ni ina duban ƙasa. Ya taɓa gwada ɓoye tiyon ya ce ya ɓata, na hana shi, domin ba za a yi ƙarya a zaurena ba.

Sai saƙo ya zo daga ɗiyata Barira. Ka san mijinta Tanna ya kai shanunsa wata rijiya can arewa da Issawane, yana neman abin da ya rage na ciyawa. Saƙon ya ce shanu sun fara kwanciya, sai an kama wutsiya an ɗaga su. Muka haɗa abin da ke hannu, Rabi'u ya ɗauko dusa da 'ya'yan auduga a kasuwar Mayahi, na shiga gaba na zauna, don ina son ganin jikokina. Mun wuce Issawane lafiya. A babban tudun rairayin da ke bayanta motar ta kafe. Rabi'u ya danna maɓallin makulli, injin iska ya yi wani gurnani, wari ya tashi, ya yi shiru. Na sauka na tsaya ina kallon ƙafar hagu tana watsa rairayi sama, ta dama ko motsi. Abin da aka yi mini bayani a zaure na gan shi da idona, ban kuma ji daɗin ilimin ba. Muka sace iskar tayoyi, muka tona, muka shimfiɗa kara da tabarmar sallata, muka sauke buhuna muka sake ɗorawa. Motar sai ƙara nutsewa take.

Kwanaki muka yi a wurin kafin Allah Ya kawo Mai Nasara, ɗan kasuwar nan na Mayahi, cikin wata mota irin fararka, duk ta lotse, ƙofa ɗaure da igiya. Ya murɗa wani ɗan abu kusa da sitiyari, ya jira fitila ta tsaya, ya haye tudun a hankali kamar raƙumi, ya dawo ya ja mu. Na tambaye shi ko mutane ba sa damunsa da roƙo a kan wannan makulli. Ya yi dariya ya ce me za su roƙa, abin yana can cikin ƙarfe, ba ya fitar da iska, ba ya fitar da ruwa, shi kansa bai taɓa ganinsa ba.

Da muka isa rijiyar, muka tarar Tanna ya yanka waɗanda suka kasa tashi don kada su mutu mushe, fatu a shanye a kan ƙaya. A cikinsu har da jar saniyar da na ba Barira ranar da ta tare, wadda yaranta ke shan nononta. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta kawo mini ruwa, ta durƙusa, ta ce: "Baba, jiya da hantsi tana nan da ranta."

Sauran shanun suna tsaye a kan dusar da muka kai, dusar kuma ba za ta kai su faɗuwar ruwa ba. Dole a sake tafiya, ba sau ɗaya ba. Motar Mai Nasara an ɗauke ta aikin rabon hatsin agaji, ba za mu same ta ba. Idan ka aiko da sabon injin iska, Na Allah zai ji ƙararsa kafin a gama ɗaura shi. Na rataye famfon hannu a bishiyar masallaci, na ce wakafi ne ga kowa, amma kullum yana nan a rataye, sun ce yana sa ciwon baya, suna tambayata yaushe na Alhaji zai iso. Ba zan iya hana su ba, ba zan iya yi musu ƙarya ba, kuma ba zan iya sake tsayawa a gaban Barira haka ba. Saboda haka, don girman Allah da girman zumunci, ka bar gardama, ka sa Haruna direbanka ya taso da farar motar a cikin wannan mako. Na ji ta tsufa, na ji makullinta baya kaɗai yake kamawa. Na karɓa. Ka aiko mini da motar da babu abin da za a ara a jikinta.

Ka gaishe mini da Hajiya Zara'u da kyau, da Halima da mijinta, da Ibrahim, ka ce masa kada boko ya raba shi da allonsa. Asma'u tana gaishe ku, Rabi'u ma, ya ce a gaya maka tiyon yana nan lafiya, shi kaɗai ne bai ƙone ba. Barira ta ce a gaida Baffanta. Allah Ya haɗa fuskokinmu cikin alheri.

Wassalam. Ni ne yayanka mai yi maka addu'a a bayan kowace salla,
Malam Gazali