Asisi Sun Dawo Ƙayar Gidanku

Zuwa ga Penda, sanyin idona, inuwata a tsakar rana, 'yar kawuna da na fi so a duk faɗin Futa,

Ruwan kogi ya fara janyewa, asisi sun dawo ƙayar bayan gidanku. Kullum da hantsi nakan tsaya in dube su: ƙirji shuɗi kamar sama bayan ruwa, baya ruwan ƙasa, namijin da jan ɗigo a kumatu, macen fes ba ɗigo. Sai in tuna da ke, don ke kika koya mini kallonsu. Da can kayan sayarwa kawai nake ganinsu.

Kin tuna ranar da kika same ni a bakin tafki da raga da keji, ina tara su wa ɗan kasuwar Dakar? Wata macen asisi ta biyo kejin tana kuka daga reshe zuwa reshe. Kika ajiye ƙwaryar nono kika ce, "Yero, bawana, ƙato da kai ka rasa abokin kokawa sai wanda bai kai babban yatsanka ba? Mijinta ne fa ka kulle." Kika zare sakatar kejin. Kwana uku na yi ba na gaishe ki. A na huɗu na ƙone ragar, na roƙi kawu gefen fadamarsa na dasa albasa.

Daga littafinki na makaranta kika nuna mini cewa danginsu ɗaya da tsuntsuwar nan baiwar Allah, masu cin ƙwayar ciyawa, masu son ƙaya da kusancin mutane. Ni kuma na nuna miki sheƙarsu dab da gidan rina, inda maciji ba ya kusanta. Dariyar da kika yi ranar har yanzu tana kunnena.

Shekara biyu ke nan kina birnin Ndar kina koyon aikin ungozoma. Wa ya gaya miki shekara biyu kaɗan ce? Jiya inna ta ce an ba ki aiki a Dakar, asibitin garinmu ma yana nemanki, kuma kafin Salla za ki zaɓa. Da na ji haka, sai na zauna na rubuto miki wannan.

Ba zan ce ki bar abin da kika sha wahala a kansa ba. Roƙona ɗaya: ki zaɓa da ni a ciki. In nan ne, ɗakin da nake ginawa saura jinka. In Dakar ce, zan bar wa ƙanena albasar in biyo ki, ko da dako zan yi a tasha, ni da ban taɓa kwana a birni ba. Abin da ba zan iya ba shi ne shirunki.

Ki ba direban motar Laraba amsa, ko layi ɗaya ne. Ina bakin hanya tun kafin ta iso.

Naki, yau da gobe, har ranar da za a miƙe ni a ƙasar Futa,

Yero Sal