Goran Irin Da Kika Rungumo Daga Wagini

Zuwa ga Uwar Rabi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kabari ya yalwata gare ki, ina sanar da ke damina ta sauka a Batsari, kuma bana ma ba mu ga gona ba. Maganar goranki ce ta sa na ɗauki alƙalami, amma kin san halina, sai na biyo ta nesa.

Kin tuna hoton da nake koyar da labarin ƙasa da shi a Safana, wanda aka ɗauki duniya daga sararin samaniya? 'Yar ƙwallo shuɗiya rataye cikin baƙin duhu, ba igiya, ba ginshiƙi. Nakan gaya wa ɗalibai cewa iskar da ta lulluɓe ta ba ta fi ɓawon albasa kauri ba. Ran da na kawo shi gida kika daɗe kina kallo, kika ce, "Malam, haka aka bar ta a buɗe, ko faifai babu?" Na yi ta dariya. Yanzu na daina.

Shekara da shekaru ina roƙon yara su lallaɓa ta, don duk faɗin duhun nan a kanta kaɗai muka san gero na tsira. Waɗansunsu yau manya ne, suna wuce ni cikin mota mai baƙin gilashi. Ba wanda ya lallaɓa komai. Daji an sare shi an yi gawayi, abin da ya rage 'yan bindiga sun shige. Karatun banza na koyar.

Ran da 'yan bindigar suka tashe mu daga Wagini, kin bar kwanukan jerenki kika rungumo goran iri. Geron da kika gada wurin mahaifiyarki a Darini ne. Kowace kaka ki zaɓi zangarniyar da ta fi cika, ki cuɗa tsabar da toka saboda ƙwari, ki liƙe bakin goran da laka. Har ciwo ya kwantar da ke a ɗakin hayar nan kina ce mini, "Wannan ba na tukunya ba ne."

Na riƙe miki shi iyakar ƙarfina. Amma Rabi ta dawo wurina da marayunta tun da aka kashe mijinta a hanyar gona, hatsi kuwa ya gagari talaka. Makon jiya goran kawai take kallo. Ni da hannuna na fasa lakar.

Kafin in miƙa mata na ɗebi 'yan ƙwayoyi na ƙulle a jiƙaƙƙen tsumma. Ba zan ɓoye miki ba, so nake a ce irin ya mutu, in ji sanyi. Rabi ta bushe tokar, ta daka, ta dama kunu. Jikokinki suka shanye har suna suɗe ludayi.

Yau da safe na kwance tsumman. Duk sun tsira, abar ƙaunata, ko ɗaya bai ƙi ba. Ga su nan a tafin hannuna da fararen saiwoyi suna laluben ƙasa, tsakar gidan nan kuwa siminti ce daga bango zuwa bango.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya saukar da ke inda ba a korar mai shuka. Ki yafe mini.

Naki har gobe kiyama,
Malam