Muryar Uwar Hankaki

Litinin, 2 ga Oktoba

An sallamo Mama daga asibiti. A wurina za ta zauna har ƙugunta ya warke, don gidanta na garin Appingedam hawa bene ne. Na bar mata ɗakina. Sai da na shimfiɗa bargo a kujerar falo na tuna sif ɗin kayana yana cikin ɗakin, kuma a cikin sif ɗin nake naɗar murya, saboda riguna suna shanye amsa-kuwwa.

Ba ta san ina wannan harkar ba. Na tsara abin da zan ce in ta kama ni: akwai wani katun, Masu Gadin Fitila, an daina yin sa ba a ƙarasa labarin ba. Masoyansa suka ci gaba da zana shi shafi-shafi, mu kuma a ƙungiyarmu muna ɗora wa zanen murya mu saka a intanet. Kowa ya naɗi tasa a gida, Hidde, direban bas ɗin da ke jagorantar mu, ya harhaɗa. Na maimaita bayanin a raina, ni kaina ban gamsu ba, balle Mama, tsohuwar malamar lissafi.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Hidde ya turo sabon zane daga Benedita, mai zanen da ke birnin Porto, ta ba mu izini. Kusan duk labarin na Uwar Hankaki ne, muguwar da nake yi wa murya tun kafa ƙungiyar. Shekara da shekaru rabona bai wuce "Ku kamo su" da dariyar mugunta ba. Yanzu ga jawabi shafi-shafi, kuma za a haska shi a taron masoya na birnin Utrecht a watan gobe.

Na yi rawa a kicin. Mama ta tambaya daga ɗaki ko wani abu ne ya faɗi.

Asabar, 7 ga Oktoba

Kaico.

Bayan abincin rana Mama ta yi barci. Na lallaɓa na shige sif, na ja ƙofa, na kunna makirufo. Da raɗa na fara, amma da na zo wurin "zan shanye haskenku ɗaya bayan ɗaya" sai abin ya ɗebe ni. Ina tsaka da ihu na ji an ƙwanƙwasa ƙofar da sanda.

"Wietske. Fito."

Na fito da hangar rataye kaya maƙale a gashina. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce duk wahalar da suka sha ita da Papa a kan karatuna, ashe a cikin sif zan ƙare. Na kawo bayanin da na tsara, ta saurara har ƙarshe. Sai ta ce, "To in tsoratarwa kike so, daina ihu. Ni ban taɓa ɗaga murya a aji ba, amma ko tari yaro zai yi sai ya dube ni tukuna."

Don haushi na tura wa Hidde fayil ɗin nan take, na fita da keke.

Lahadi, 8 ga Oktoba

Ban yanke wutsiyar fayil ɗin ba, faɗan Mama duk yana ciki. Ni da nake yi wa sababbin shiga faɗa a kan haka.

Litinin, 9 ga Oktoba

Hidde ya kira daga tashar bas, yana hutun tuƙi. "Wace ce wannan a ƙarshe? Ina jin ta na tofar da cingam na gyara zama."

Bai tsaya nan ba. Ya ɗora faɗan Mama a kan zanen Uwar Hankaki ya saka a zauren ƙungiya, wai wasa. Kowa ya mutu da dariya, ban da Benedita. Ita cewa ta yi wannan ce muryar da take ji a kunnenta in tana zane.

Yanzu wai a yi gwaji: ni da Mama mu karanta shafi ɗaya, a ɓoye sunaye, ƙungiya ta zaɓa. Na ce ba damuwa, don na san ba za ta yarda ba.

Laraba, 11 ga Oktoba

Na faɗa wa Mama. Ta ce, "Shirme." Ta kurɓi kofi. Ta ce, "Kawo takardun in gani."

Juma'a, 13 ga Oktoba

Na kwashe takalma na saka mata kujerar kicin a cikin sif. Ta zauna da tabarau da fitilar hannu, ta ce wurin yana warin maganin asu, kuma wa ya koya mini rataye suwaita? Sau ɗaya ta karanta shafin, a hankali, ba ta ɗaga murya ba. Ina waje da abin saurare a kunne, tsikar jikina ta tashi. Na ce mata ba laifi, don dai farko ne.

Talata, 17 ga Oktoba

Na koma gwada magana ƙasa-ƙasa. Na sha zuma da ruwan ɗumi. Yau a asibitin haƙori inda nake aiki na manta, na tambayi wani dattijo da ya zo cire haƙori, "Kana da alƙawari da likita?" da muryar Uwar Hankaki. Ya ce zai dawo wani lokacin.

Asabar, 21 ga Oktoba

Mama ta ci zaɓen. Ba ma kusa ba.

Hidde ya kira yana kame-kame. Ya ce zaɓe zaɓe ne, amma ni ce mai wurin tun farko, in na ce a'a to a'a ne, ba mai ganin laifina. In kuma na bar mata, akwai hankakin da ke bayanta, suna buƙatar mai kuka. Mai kuka. Na ce zan yi tunani.

Haushi nake ji, gaskiya, kuma kunya nake ji da nake jin haushin. Abu ɗaya ne a duniya nawa ni kaɗai, wanda ba ta taɓa dubawa da jan biro ba. Ta shigo da sanda ta ɗauke shi a zama ɗaya.

Alhamis, 26 ga Oktoba

Ban faɗa mata sakamakon ba, ita ma ba ta tambaya ba. Amma da safe ta jingina shafukan a jikin kwalbar madara tana karantawa, burodi da cuku a hannu. Wai Uwar Hankaki tana da gaskiya, masu gadin nan ba su da tarbiyya. Ta yi ta zuba har na makara.

Lahadi, 5 ga Nuwamba

Na mayar da Mama gida. Ta hau benen da kanta, tana ture hannuna. Na dawo na karɓi gadona da sif ɗina. Na shiga na naɗi jawabin duka. Ya yi kyau. Ya yi kyau dai.

Hidde yana jiran amsa kafin ƙarshen mako.

Asabar, 11 ga Nuwamba

Na je Appingedam da makirufo a jaka, don kawai in ji yadda sauran shafukan za su fito a bakinta, ba wai na yanke shawara ba. Sif ɗinta bai yi ba, duk 'yan riguna ne marasa nauyi, na tafa hannu a ciki sautin ya dawo mini. Na ce sai mai kaya masu kauri. Duk mu biyun mun san wanda ya rage. Na Papa ne, kuma ba a buɗe shi ba tun da aka binne shi.

Ta ce, "To tsayuwar me kike yi? Buɗe."

Na saka kujera tsakanin manyan kwat-kwat ɗinsa. Tana gyara zama hannunta ya bugi aljihu, sai ga ƙullin baƙar alawa mai gishiri, wadda likita ya hana shi. Ta juya ta a hannu. "Maƙaryaci. Ya rantse mini ya daina." Ta fara dariya, dariyar ba ta ƙarasa ba. Ta jawo ƙofar ta rufe da kanta.

Na tsaya a waje da abin saurare. An daɗe ba na jin komai sai numfashinta. Ban ce ta fara ba. Can ta yi gyaran murya ta karanta, daga farko har ƙarshe.

A jirgin ƙasa, a hanyar dawowa, na rubuta wa Hidde cewa maƙogwarona na ciwo, a bar mata, hankakin baya kuma zan duba in na samu lokaci. Na gwada kukan sau biyu a banɗakin jirgi, ba laifi.

Asabar mai zuwa zan koma, akwai wurin da take so a sake. Ta ce in zo da wuri, za ta yi miyar wake. Na manta rabon da ta ce in zo ba don wani abu ya lalace a gidan ba.