Farmasiyen Kalley da bai iya karatu ba

Assalamu alaikum mai shafin shawara da masu karatu. Na san rabinku za su ce ƙarya nake shararawa, to ku gaskata ko ku bari: shekara biyu ina ba rabin Yamai magani, kuma ko sunana ban iya karantawa ba. Wannan takardar ma wani mai rubuta wasiƙu ne ya rubuta mini, bayan na rantsar da shi. Don Allah kada ku zage ni tukuna, ku bari in kai ƙarshe, can zagin zai fi muku daɗi.

Ni shara aka ɗauke ni yi a farmasin wani Anasara, wato shagon magani, a unguwar Kalley. Shekara tara ina shara ina kallonsa, kuma ido gare ni, ko ƙuda ya gitta na san unguwar da ya fito. Na haddace kwalaye: ja na zazzaɓi, kore na tari, shuɗi na ciwon ciki. Har hannun lokotoro, wato rubutun likita, na haddace. In rubutun ya ɗaga wutsiya kamar kunama, kinin ne, in ya kwanta kamar tsutsa, na zawo ne. Da aka samu mulkin kai Anasaran ya ce zai je gida hutu, ya miƙa mini makulli. Har yau yana hutu. Ya bar farar riga a ƙusa da diplom ɗinsa, takardar shaidar karatunsa, a bango. Rigar ta yi mini daidai, laifina ne? Mutane suka fara ce mini Mushe Farmasiye, wato Malam Mai Magani da Faransanci, in ce musu a'a?

Sai gwamnati ta fito da tsari: talaka mai takardar meri, wato ofishin magajin gari, zai karɓi magani kyauta, amma a farmasin mai diplom kawai, wanda aka kama yana ba da magani ba diplom kuwa sai kaso. Ma'aikata suka zo, suka dubi bango, suka dubi riga, suka rubuta mu. Ba wanda ya tambayi yadda baƙi ƙirin kamata ya samu sunan Faransawa. Na yi ta dariya har ranar da maganin gwamnati ya iso. Na buɗe akwati, sai ga kwalaye. Fari, fari, fari, duk girmansu ɗaya, sai rubutu kawai, kamar likkafani aka yayyanka aka kawo mini. Ga shi an sake lokotoro, sabon kuwa hannunsa ba kunama ba tsutsa.

Ranar Talata wani direban kamyo, babbar motar kaya, Malam Hamidu, ya ƙetaro kogi daga Harobanda da takardar maganin da lokotoro ya rubuta wa matarsa. Ta haihu, jininta ya ragu. Na riƙe takardar na ɗaure fuska kamar mai karatu, na yi bismilla na zaro kwali guda. Na ce guda uku a yini. Ya yi ta sa mini albarka.

Jiya Mushe Sumana, tsohon anfirmiye, wato malamin asibiti, da ke zuwa hira wurina, ya ɗauki irin kwalin nan yana juyawa. Ya ce, "Kai, har wannan suka aiko? Na masu ciwon zuciya ne. Guda ɗaya ma da awo ake ba da shi. In ya yi yawa mutum ya fara amai, ya riƙa ganin komai rawaya, daga nan zuciya ta tsaya cak." Na ce, "Haba Mushe, ni za ka koya wa?" Na yi dariya.

Yau da hantsi sai ga Malam Hamidu, fuska a sake, wai ya zo ƙari don kwalin ya kusa ƙarewa. Ya ce, "Magani ya kama, Mushe. Sai amai take, cutar na fita. Har tana ce mini bangon ɗaki ya koma rawaya." Jama'a, kun taɓa jin gumi na bin bayanku kamar an sako ƙadangare cikin riga? Na ce ta daina sha yau, ya kai ta asibiti. Ya ce don me? Nan ne fa. Kalma ɗaya ce za ta sa ya ruga bakin kogi, kuma ita ce za ta kai ni kaso. Ban faɗe ta ba. Sai na ce wai magani ya ƙare, ga kwalayen jibge a bayana yana kallo.

Yanzu haka akwai sauran ƙwayoyi a ɗakinta. In na ƙetara kogi na faɗi gaskiya, ƴaƴana huɗu wa zai ci da su? In na aika wani, wa za su saurara, ni da nake Mushe ma ba su ji ba? In na yi shiru, jaririn nan wa zai shayar da shi? Me zan yi? Ku yi sauri, don ga abin da ya faɗa mini a bakin ƙofa, yana nuna ni da yatsa:

"Don na kyauta ne kake mana rowa, ko? Na gwamnati ne, ba na ubanka ba. Sauran da ke gida kuwa sai ta shanye shi tas, ko da ɗure ne!"